Quran for Android: manhajar da ta fi dacewa da mai son fara rubuta tadabburinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda yake da niyyar ya fara rubuta abin da ke ɗarsuwa a zuciyarsa idan yana karatun Alƙur'ani, ko don kansa kawai ko don ya riƙa tura wa 'yan gida da abokai su ma su amfana, to shawarata tun kafin ya sayi littafi da biro ya fara sauke manhajar nan Quran for Android. Ku duba da kyau a Play Store don masu kama da ita sun yi yawa, wadda nake nufi ita ce ta mutanen quran.com. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma babu talla a cikinta ko guda ɗaya.

Wannan maganar ta talla fa ba ƙaramar magana ba ce a wurina. Na taɓa riƙe wata manhajar daban, ba sai na faɗi sunanta ba, kana tsakiyar aya zuciyarka ta fara yin laushi kawai sai ka ga tallan wani wasa ko na bashi ya rufe rabin shafi, kafin ka nemo inda za ka danna ya tafi wallahi abin da ya zo maka a rai ya gudu, kuma ba lallai ya dawo ba. Mai son yin rubutu a kan abin da ya shafi zuciya natsuwa ce jarinsa. Ita wannan kana buɗe ta shafin Mus'hafi ne kawai a gabanka, irin bugun Madina ɗin nan mai shafi 604 da layi 15 wanda Usman Ɗaha ya rubuta da hannunsa, wanda cibiyar Sarki Fahad take bugawa alhazai suna dawowa da shi. Don haka idan kana da na takarda a gida shafi ɗaya ne da na wayar, inda aya take a kusurwar dama a can nan ma a nan take, masu hadda sun san amfanin wannan. Sau ɗaya za ka kashe data ka sauke shafukan, daga nan ko babu sabis ko babu data tana buɗewa.

Amma abin da ya sa nake cewa ita ce ta mai rubutu shi ne wurin ajiyar ayoyi. Idan ka ɗora yatsa a kan aya ka ɗan riƙe, za ta yi launi sai wasu 'yan alamomi su fito, akwai na ajiyewa, akwai na turawa, akwai na fassara, akwai na saurare, sannan akwai wanda zai ba ka dama ka liƙa wa ayar suna irin wanda kake so. Wannan na ƙarshen shi ne ya canja mini yadda nake karatu gaba ɗaya. Ni na buɗe sunaye da Hausa abina, akwai haƙuri, akwai arziki, akwai tuba, akwai iyaye, akwai mutuwa. Ina cikin tilawa in na zo kan ayar da ta taɓa ni ba na tsayawa dogon tunani a lokacin, sai in jefa ta ƙarƙashin sunan da ya dace in wuce, ranar da na zauna rubutu sai in buɗe sunan in tarar da su a jere. Misali a ƙarƙashin arziki akwai aya ta 6 a suratu Hud wadda take nuna babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta yana wurin Allah, ga aya ta 2 da ta 3 a suratuɗ Ɗalaƙ a kan mafita da arziki ta inda mutum bai yi zato ba ga mai tsoron Allah, ga ta 60 a Ankabut. Ka gan su wuri ɗaya, ɗaya daga izu na sama ɗaya daga ƙasa, sai ka ji kamar yau ka fara jin su, musamman a irin wannan yanayi da kowa ke kukan tsadar kayan abinci, kuma a nan ne rubutu yake zuwa da kansa ba sai ka matsa wa kanka ba. Aya ɗaya tana iya shiga suna biyu ko uku, kamar ta 53 a Zumar wadda ke hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ni tana cikin tuba kuma tana cikin wani suna da na kira kwanakin ƙunci.

Shi rubutun kansa a littafi nake yi, irin mai bango mai tauri da ake sayarwa a shagon kayan makaranta. A saman shafi in sa sunan sura da lambar aya, a ƙasa in rubuta abin da malamai suka ce, sai in ja layi, ƙarƙashin layin kuma abin da ya shafe ni ni kaina, me ayar nan take nema in gyara a mu'amalata da iyalina ko a wurin neman abincina. Layin nan ina roƙon duk mai farawa kada ya raina shi, shi ne yake raba maganar malamai da tunanin mutum, kuma ranar da za ka tura wa wani ka san wanne ne za ka ce malamai sun ce wanne ne kuma za ka ce ni dai haka na ji a raina.

Sai maganar fassara. A cikin jerin fassarorin da ake saukewa akwai ta Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya ji ƙansa, wanda ya rasu a 1992, kuma shi ne aka ba lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987 saboda hidimar Musulunci. Ba ta da nauyi, nan da nan take sauka. Farkon ganinta za ka ga wasu 'yan alamomi a kan wasula, kamar sũna ko dõmin, jan sauti suke nunawa, ido yana sabawa da su. Hausar Malam tana bin ginin Larabcin sau da ƙafa saboda amana, shi ya sa wani wurin sai ka maimaita jimla kafin ka kamo bakin zaren, kuma bayanan da ya yi a ƙasan shafi a bugun takarda ka fi samun su, don haka wanda yake da bugun ya ajiye shi kusa. Wanda yake jin Larabci kuma an gama masa komai, akwai Jalalaini wanda shi ne mafi yawan malamanmu suke buɗewa a tafsirin azumi, akwai Ibn Kasir, Sa'adi, Muyassar da sauransu, kuma za ka iya jera biyu ko uku a ƙarƙashin aya ɗaya kana kallo.

A nan ne nake jin tsoro, kuma ba laifin manhajar ba ne, sauƙin da ta kawo ne yake iya ruɗar mutum. Ka karanta fassarar aya cikin daƙiƙa goma, ka ji daɗi, ka rubuta shafi guda ka watsa a WhatsApp, alhali ba ka san dalilin saukarta ba, ba ka san ayar da ta gabace ta ba, wataƙila ma hukunci ne a ciki wanda malamai suka yi dogon bayani. Allah ya umarce mu da tadabburi, aya ta 29 a suratu Sad ta faɗi cewa don haka aka saukar da Littafin, amma tadabburi daban tafsiri daban. Ni ƙa'idata ita ce duk abin da ya shafi halal da haram ko aƙida ba na sa baki, na malamai ne, in ma na rubuta wani abu da nake so wasu su gani sai na karanta wa malaminmu na tsakanin magariba da isha tukuna, in ya ce cire wannan in cire.

Ɓangaren sauti shi ma ya yi. Akwai maƙaranta da yawa, Husari, Minshawi, Abdulbasid, Huzaifi, Sudais, Alafasy, kuma yana karantawa ayar da yake kai tana haskawa a shafin. Za ka iya cewa ya maimaita maka aya ɗaya ko daga nan zuwa can sau adadin da kake so. Ga mai tadabburi na fi ba da shawarar Sheikh Mahmud Khalil Husari, shi ne aka fara naɗar muryarsa da cikakken Alƙur'ani murattal, wato karatun tilawa ba mai rerawa ba, a Masar a 1961, karatunsa a tsanake yake kowane harafi yana fita, ba ya gaggawa, kana samun sararin yin tunani tsakanin aya da aya. Shi kam sauti yana cin data da wuri a waya, kada ka ce za ka sauke izu sittin a zama ɗaya sai in ka samu waifai, ka riƙa ɗauka sura sura, wadda kake kai a wannan satin.

Waɗanda suka taso a makarantar allo da ruwayar Warshu su lura, abin da ke fara buɗewa Hafsu ne. Masu manhajar sun yi tanadin Warshu da Ƙalun, sai dai ko a can ɗin ba irin rubutun hannun alarammominmu na Kano da Borno za ka gani ba, bugu ne, amma ɗigon shi ne wanda muka sani, fa ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Abin da ya fi muhimmanci ga mai rubutu shi ne lambar aya, don ƙirgar Kufa da Hafsu ke bi ayoyi 6236 ne, ƙirgar Madina da ake bi a Warshu kuma 6214, saboda haka lambar da ka rubuta a littafinka tana iya gocewa da ɗaya ko fiye a wani Mus'hafin. Ni lambobin da na kawo a sama duk na Hafsu ne, kuma ban da lamba ina rubuta farkon ayar da Larabci don kada a ɓata. Haka nan jerin da ke ciki juzu'i 30 ne, mu kuma da izu muka saba, kowane juzu'i izu biyu ne, kuma an rarraba shi rubu'i rubu'i, ba wuya ka gane inda kake.

Akwai yanayin dare da shafin ke komawa baƙi rubutun ya zama fari, yana taimakon ido sosai in an ɗauke wuta ko lokacin tahajjudi da ba ka so ka tashi mutanen ɗaki. Ni da Turanci nake amfani da ita amma a saiti ana iya mayar da ita Larabci, kuma maɓallan ba su da yawa, ko iyayenmu aka nuna musu sau ɗaya za su riƙe. Abu na ƙarshe, a cikin saitin akwai wurin fitar da ajiyayyun ayoyinka da sunayensu a matsayin fayil, don Allah ku riƙa yi lokaci lokaci kuna tura wa kanku ta imel ko ku ajiye a wata wayar, waya tana faɗawa ruwa ana kuma sace ta, kuma ayoyin da mutum ya daɗe yana tarawa ba abin da zai iya tunowa a zama ɗaya ba ne. Idan kun sayi sabuwa sai ku sauke manhajar ku shigo da fayil ɗin, komai zai dawo yadda kuka bar shi.