Madubin hangen nesa na riyal 320: gilashin ya yi, ƙafafun ne ba su yi ba

Ni tela ne a Jidda, shekarata 19 a unguwar Sabil, kuma in ba jinjirin watan azumi ba, ban taɓa ɗaga kai na nemi wani abu a sama ba. Maryam, 'yata ta biyu, ita ta jawo ni. An ba su aikin makaranta kan mata masana kimiyya, sai ta ci karo da labarin wata Thereza Dillwyn Llewelyn, 'yar yankin Wales a Birtaniya, wadda aka haifa a 1834. Mahaifinta ya gina mata ɗakin kallon taurari a gidansu na Penllergare, kusa da Swansea, a 1851, kuma ita da shi suna cikin mutanen farko da suka ɗauki hoton wata. Maryam ta gama karanto min, ta ce, "Baba, ni ban ce ka gina ɗaki ba. Madubin kawai."

To, mahaifin waccan mai gandu ne, ni kuwa keken ɗinki nake takawa. Amma na je wani kantin kayan karatu na sayo ƙaramin madubin hangen nesa a kan riyal 320. Yau wata uku ke nan, ga abin da na gani.

Faɗin gilashin gaba milimita 70 ne, tsawon hangensa 400. Ya zo da ƙananan gilasan ido guda biyu, mai lamba 25 da mai lamba 10. Maryam ce ta koya min lissafin: a raba 400 da lambar gilashin, sai na farko ya ƙara girman abu sau 16, na biyu sau 40. A jikin kwalin an rubuta sau 120 da manyan baƙaƙe, saboda wani ɗan bututu da ke ninka girman sau uku. Kada wannan ya ruɗe ka. Mun saka shi, wata ya koma kamar kunun da aka dama da ruwa da yawa. Tun ranar yana cikin kwali.

Amma a sau 40, Allah mai iko. Daren farko mun yi kuskure, mun jira sha huɗu ga wata, hasken ya cika ido, ba a ga komai sosai ba. Daren bakwai ga wata ne abin yake, lokacin da rabinsa ke da haske rabi duhu. A daidai kan iyakar nan ramukan suke fitowa ɓaro-ɓaro, kowanne da inuwarsa, kamar an ɗiɗɗiga ruwa a kan garin tuwo. Na daɗe sunkuye har mahaifiyarsu ta leƙo saman bene ta ce, "Malam, yarinyar aka saya wa ko kai?" Mun ga Mushtari, wato duniyar Jupiter, da 'yan watanninsa huɗu a jere kamar ƙwayoyin carbi, washegari kuma sun sauya wuri. Kaza da 'ya'yanta, da ido kan ƙirga shida ko bakwai, a gilashi mai lamba 25 sun fi ƙarfin ƙirgata.

Inda na ji haushin kuɗina shi ne ƙafafun. Gwangwani ne siriri, gajeru kuma, dole ka ɗora su kan tebur ko ka durƙusa. Ka taɓa maɓallin saiti, hoto ya kama rawa. Wata kuma ba ya jira, da yake duniya na juyawa, kafin ka kira wani ya zo ya gani ya sulale gefe. Dabarar da na yi, na ɗinka 'yar jaka da ragowar yadin kaki, na cika ta da yashi na rataya a tsakiyar ƙafafun. Rawar ta ragu sosai. Maƙalin waya da suka haɗo da shi roba ce mara ƙwari, ya tsage a mako na biyu. Na koma kantin, yaron ya ce, "Ya Hajji, garanti bai shafi wannan ba." Da hannu Maryam ke riƙe wayar yanzu, cikin hoto goma ɗaya ke fita, sai ta ce ai Thereza ma da farantin gilashi da sinadari ta yi nata.

Jidda kanta ba ta taimakawa. Fitilu, laimar teku da ke kwanciya a gilashi, ga ƙura. Maryam ta ce akwai wata farfesa a Jami'ar Cardiff, Haley Gomez, wadda aikinta binciken ƙurar sararin samaniya ne, irin wadda taurari ke fesowa idan sun fashe. Na ce da ta zo nan ranar da iska ta taso, mu auna mata da mudu. Wata Juma'a mun bi maƙwabcinmu direba zuwa wajen Usfan, nesa da fitilu, sai ka ce wani madubin aka canza mana.

Mai yara ƙanana ya kiyaye: kada a kuskura a kalli rana da shi, yana makantarwa. Ni da safe a saman kabad nake ajiye shi.

In wata da Mushtari kake son nuna wa yaro, ka saya, amma ka tanadi tebur mai nauyi da jakar yashi. Maryam ta fara tara kuɗin ƙafafu masu ƙwari, ta ce in riƙa ba ta aikin ɗaura maɓalli a shago, riyal ɗaya kowace riga.