Aikin shasi da sitiyarin tsohuwar Hilux ɗina a Jega, ga yadda muka ƙare

Salamu alaikum jama'a, na ce bari in rubuto yadda ta kaya tsakanina da garejin da suka yi min aikin motata, don na san akwai irina da yawa masu tsohuwar akori-kura da ke fama da irin wannan ciwo. Hilux ce ƙirar 1994 mai injin 22R na fetur, da ita nake ɗaukar albasa daga Aliero in kai Jega da Birnin Kebbi, in kaka ta yi kuma in kwaso shanshera daga fadama.

Ƙarshen damina na faɗa wani rami da lodi a bayana, ruwa ya rufe shi ban gani ba, tayar gaba ta hagu ta bugu har sai da na ji abin a haƙorina. Tun daga ranar mota ta fara ja hagu, ka ɗan saki sitiyari sai ta nemi daji, ga shi sai ka murza shi kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta amsa. Garejin farko da na je a Birnin Kebbi sun canza tai rod da bol join, wato ƙarafan da ke haɗa tayar gaba da sitiyari da jikin mota, aka yi alaimen, wato saitin tayoyi, har sau biyu, amma sabuwar tayar da na sa sati shida kawai ta yi gefe ɗaya ya cinye har waya ta fito. Wlh abin ya ƙona min rai sosai.

Wani direba abokina ne ya ce in je Jega wurin wani dattijo mai walda, suna aiki tare da ƙanensa makanike. Abin da ya fara burge ni, ko sifana bai ɗauka ba. Ya sa yara suka wanke ƙarƙashin motar tas, aka tura ta kan siminti mai daidai, ya ɗauko tef da zare mai ƙusa a baki da alli, yana sako zaren daga ramukan shasi, wato ƙarfen ƙarƙashi da ke ɗauke da motar gaba ɗaya, yana yin alama a ƙasa. Da ya auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ya sake auna ɗaya ɓangaren, sai ga bambanci kusan inci guda. Sannan ya miƙo min tocila ya ce in kwanta in duba da kaina, yaro na murza sitiyari hagu da dama. Da idona na ga sitiyari boks ɗin, wato akwatin da ke kai murzawar sitiyari ga tayoyi, yana motsi gaba ɗayansa, wurin da aka ɗaure shi a jikin shasi ya tsage, tsagar tana buɗewa tana rufewa kamar bakin kifi. Ya ce min, Alhaji wagga mota karaya gare ta, ɗori taka so, ku mutanen Aliero ai kun fi kowa sanin ba a ɗora ƙashi a karkace. Nan na gane kuɗin da na kashe a baya duk a ruwa na zuba, don alaimen taya yake saitawa, in ƙarfen da ke riƙe da komai ya goce ba abin da zai zauna.

Aikin kansa na tsaya na ga yawancinsa. Sun cire batir, suka kwance sitiyari boks ɗin suka kawar da bututun mai daga wurin, aka ɗaure shasin da sarƙa a jikin wani ƙarfe da aka binne a ƙasa, ana turawa da jak kaɗan-kaɗan ana sake awo, kwana biyu ana abu ɗaya. Na ce Baba me zai hana a gasa shi da gas ya yi ja a miƙe shi lokaci guda, ya ce ƙarfen shasi in ya sha wuta da yawa ƙarfinsa tafiya yake, yau ya miƙe gobe ya lanƙwashe da lodi. Tsagar kuwa sai da ya huda ƙaramin rami a ƙarshenta kowane gefe don kar ta ci gaba da tafiya, ya goge bakinta da giranda ya yi walda, sannan ya ɗora farantin ƙarfe da ya yanka mai siffar ido, ya ce mai kusurwa huɗu a bakin waldarsa ake samun sabuwar karaya. Aidila ma, wato hannun ƙarfen da ke tallafe sandar sitiyari a ɗaya gefen, ta lanƙwashe, na so a buge ta a mayar saboda aljihu, ƙanen ya ƙi sam, ya ce kayan sitiyari ba a yi musu walda ko bugu, sai da aka aiko da ta Beljiyam daga Sakkwato. Lokacin na ji haushi amma yanzu ina gode masa.

To sai inda ban ji daɗi ba. Kwana huɗu suka ce min, sai da mota ta kwana goma sha ɗaya, kullum ba wuta, man janareta ma ni na saya kuma ba a faɗa min haka tun farko ba, ga kasuwar albasa na wuce ni. Sun kuma matse sukurun sitiyari boks ya yi yawa, in na sha kwana sitiyari baya dawowa da kansa, sai da na koma aka sassauta, wannan dai ba su karɓi ko sisi ba. Farantin ma ko fenti ba su shafa ba, sati guda ya fara tsatsa, ni na sayi jan fenti na shafa. Ba su da na'urar alaimen, wannan sai na sake komawa Birnin Kebbi.

Yau wata uku kenan, mota na tafiya sak, daga Jega har Birnin Kebbi ba na kokawa da sitiyari, tayoyin gaba suna ci daidai. Na rage lodi kamar yadda Baba ya ce, don motar ta kusan tan ɗaya ce mu muke ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Duk Juma'a da safe ina shiga ƙarƙashi da tocila in duba waldar, har yanzu ba ta nuna komai ba. Saura sufirin ɗin baya da ya kwanta, shi ma can zan kai in an sayar da shinkafa, amma wannan karon sai mun yi maganar kwanaki da man janareta tun kafin in ajiye makulli.