Bidiyon naushi da shuri a tsakar gida, ko zuwa sal wajen mai horarwa?

Yaya, na ga tambayarki a zauren nan. Kin ce shekarunki 38, a Sabon Gari na Zinder kike, wuni kike a zaune a shago, kuma likita ya ce hawan jini ya fara leƙo ki, ki rage jiki. An turo miki bidiyon kikbokisin, irin wanda ake naushi da shuri a iska ana bin kiɗa, kina tambaya ko shi kaɗai ya ishe ki a gida, ko sai kin biya kuɗin sal, wato gidan motsa jiki, inda akwai mai horarwa. Kin ƙara da cewa kina so ki iya kare kanki in ta kama. To, buƙatunki biyu ne, kuma ba wuri ɗaya ake samun su ba.

Irin wannan bidiyo ya samo farin jininsa ne daga wani Ba'amurke, Billy Blanks, wanda ya haɗa shurin taekwondo da naushin boksin ya sa musu kiɗa, ya kira abin Tae Bo. Kasakasansa sun cika kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, kuma da yawa daga cikin irinsa da ke YouTube yau jikokinsa ne. Tun asali don zuciya da gumi aka shirya shi. A wannan fannin kuwa bidiyo da sal kunnen doki suke, don zuciya ba ruwanta da inda kike tsaye, bugunta kawai za ta ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Bidiyon minti 25 sau uku a mako, in da gaske kike yinsa, ya kai ki minti 75 ɗin.

Wajen kuɗi da lokaci ba sai an ja magana ba. Bidiyo sau ɗaya za ki sauke shi, ko wata ta tura miki ta Xender, shi ke nan ya zauna a waya, ba ya sake cin forfe, wato kuɗin intanet. Sal kuwa akwai kuɗin wata, akwai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, sannan sai kin dace da lokacin da maza ba su cika wurin ba, ga neman izinin maigida, ga wanda za ki bar wa yara. Mata da yawa a Damagaram a nan maganar sal take mutuwa tun ba a fara ba. A gida kin rufe ƙofa, kin cire hijabi, ba mai kallonki.

Amma rashin mai kallon nan shi ne babban raunin bidiyo, kuma a nan nake so ki tsaya sosai. Ɗauki shurin da ake kewayo da ƙafa daga gefe. Mai bidiyon tana ɗaga ƙafar dama ta watsa, ke ma idonki na kan ƙafar da ta tashi. Aikin kuwa yana ga ƙafar hagu da ke ƙasa: sai ta juya a kan tushen yatsu, dunduniya ta ɗan tashi ta fuskanci inda ake shurin, sannan ƙugu ya bi. In tafin ƙafar ya manne da siminti jiki ya murɗa a kansa, gwiwa ce ke shan murɗar duka. Ranar farko ba za ki ji komai ba. Bayan sati biyu sai ki ga sujada da tashi daga zaman tahiya sun fara yi miki wuya, ki rasa dalili. Haka naushi: wanda ke dukan iska ba abin da ke tare hannunsa, sai ya riƙa miƙe gwiwar hannu har ƙarshe da ƙarfi, tana ƙas-ƙas, sau ɗaruruwa a zama ɗaya. Ƙa'ida ita ce a janye hannu kafin ya miƙe sarai, ɗayan kuma yana tsare da haɓa. Mai horarwa kallo ɗaya zai yi miki ya ce juya dunduniya, sassauta kafaɗa. Mai bidiyo ko kin karkace kamar me, murmushi za ta ci gaba da yi tana cewa kin yi daidai.

Akwai dabarar rage wannan giɓi. YouTube na da wurin rage saurin bidiyo zuwa 0.75, ki fara da shi har motsin ya shiga jiki. Ki jingina wata wayar da bango ta ɗauke ki, ki kalla daga baya ki gwada da na mai koyarwar. Za ki yi mamakin bambancin abin da kike ji kina yi da abin da kike yi. Shuri kada ya wuce tsayin gwiwa a watan farko. Ki sa takalmin basket mai taushi. Tabarmar roba a kan siminti mai santsi kuwa kada ki kuskura, zamewa take ƙarƙashin ƙafa daidai lokacin da kike tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Sai zafi. Masu bidiyon nan a ɗakin sanyi suka ɗauke shi, ke kuwa a Zinder kike, inda a watan huɗu da na biyar zafi ke wuce digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano da rana, ga wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ba wurin tsalle ba ne ga mai hawan jini. Bayan sallar asuba a tsakar gida ya fi, ko da dare bayan isha'i. A nan ma gida ya fi sal, don ke ce mai zaɓen lokacinki. Lokacin hunturu in hazo ya yi yawa, ki koma ciki. Ruwan sha ya kasance kusa, kina kurɓa a tsakani, kuma ki tanadi na wanka tun dare, kin san halin famfon garin nan, ba kullum mai garuwa ke bugo ƙofa da sassafe ba. Da azumi sai an sha ruwa abinci ya faɗa.

Maganar kare kai kuwa, gara in faɗa miki gaskiya: bidiyo ba zai ba ki ita ba, ko shekara nawa kika yi kina binsa. Iska ba ta ramawa, ba ta gocewa, ba ta riƙe hannu. Abin da ke sa mutum ya iya faɗa shi ne sanin tazara, da sanin lokacin kai hannu, da rashin ruɗewa in an taɓa shi, kuma duk ba a koyonsu sai da mutum a gabanki, ko aƙalla mai horarwa riƙe da matashin duka yana matsawa gaba da baya. Ƴan kokawar da kike gani a filin Langa-Langa, a cikin ƙura da abokan gwabzawa suka tashi. Issaka Dabore da ya ciyo wa Nijar tagulla a boksin a gasar Olamfik ta Munich a 1972, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya ɗauko azurfa a taekwondo a Riyo a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, dukansu a hannun masu horarwa suka gogu. Abin tsoro ma shi ne wadda ta yi wata shida tana naushin iska ta ɗauka ta iya, ta tsaya inda ya kamata ta yi ihu ta gudu. In da gaske wannan ce damuwarki, ki nemi kulob ɗin taekwondo ko karate mai karɓar mata, ki je da idonki ki ga yadda ake koyarwa kafin ki biya.

Wani abu kuma da sal ya fi bidiyo a kai shi ne ɗorewa. Wanda ya biya kuɗi, ga abokai na cigiyarsa, kunya kaɗai takan fito da shi. Bidiyo ba ya fushi in kin bar shi; yau baƙi, gobe suna, jibi biki, sai ya nutse ƙarƙashin hotuna a waya. Maganin da na ga yana aiki shi ne maƙwabta biyu ko uku su haɗu a gida ɗaya, su tsayar da ranaku, a ɗora waya a kan turmi a sa ƙaramar lasifika.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Zan koma a auna jinin, in gaya wa likita irin motsin da nake nufi, in ji ko ya yarda da mai tsanani, don wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, sai lissafin da ake yi na cire shekarun mutum daga 220 don ƙiyasta iyakar bugun zuciya ya daina aiki. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: in kina iya furta gajeriyar jimla kina haki, lafiya lau, in kalma ɗaya ta gagara, ki sassauta. Zan fara da bidiyon ƴan koyo marar tsalle, minti 15, in riƙa ƙarawa a hankali. Kuɗin da zan zuba a sal wata-wata, sai in biya mai horarwa zama kaɗan kawai, ya gyara mini tsayuwa da naushi da juya ƙafa, in koma gida in ci gaba, bayan wata biyu in sake kai masa ya duba. Rage jiki kuma kada ki ɗora wa bidiyo shi kaɗai, in sukarin shayi da na fura da lemun kwalba suna nan yadda suke, sikeli zai daɗe bai motsa ba.

In kina cikin yi kika ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ki tsaya nan take, a kai ki asibiti a ranar, kada ki ce bari ki ƙarasa minti biyar da suka rage.