Turaren bayan aski na ƙananan masu sana'a: na jema ya fi zauna mini

Duk mai aske gemu da reza ya san zafin da ke biyo baya, kuma yawancinmu sifirit ne ko alif muke gogawa, kamar yadda muka ga wanzamai suna yi. Ni ma haka nake, har wani ɗan uwana ya taho mini da 'yan kwalabe daga Amurka, aikin ƙananan masu sana'ar sabulun aski. Can wannan harka ta bunƙasa sosai. Akwai irin su Stirling da ke jihar Arkansas, wanda mata da miji suka kafa a 2012, da Barrister and Mann na jihar New York. Kaɗan-kaɗan suke haɗa kayansu, kuma wasunsu suna ware waɗanda ƙamshinsu man itatuwa ne zalla, ba haɗin sinadari ba. Irin waɗannan na roƙa a kawo mini.

Wanda ya kwanta mini a rai shi ne na saiwar ciyawar da Turawa ke kira vetiver, 'yar uwar jemar da ke fitowa a fadamunmu. Ƙasar Haiti ce kan gaba wajen tatsar manta. Da na fara shafawa ban so shi ba, don yana da ɗan warin ƙasa da hayaƙi. Bayan 'yan mintuna sai ya lafa, ya koma ƙamshin ruwan sabuwar randa, mai sanyi, marar zaƙi ko kaɗan. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake jure zafi. Turare mai zaƙi, idan gumi ya haɗu da shi da tsakar rana, hawa kai yake yi. Wannan kuwa yana nan a kwance a fata har la'asar, sai wanda ya matso kusa ne zai ji shi. A sahun sallah ba ya damun na gefe, kuma idan na ɗora turaren da na saba sawa ranar Juma'a ba sa faɗa da juna. Man saiwa da na itace nauyi ne da su, ba sa saurin tashi, shi ya sa yake daɗewa.

Na biyu shi ne bay rum, tsohon haɗi daga tsibiran Karebiyan, musamman tsibirin St Thomas, inda ake yin sa da ganyen wata bishiya ta yankin. Ƙamshinsa na kayan yaji ne, kanumfari da kirfa da ɗan lemo. Ga hanci, daɗi ne da shi ƙwarai, musamman da sanyin safiyar hunturu. Ga fata kuwa sai a yi hattara. Wanda na samu daga wani ƙaramin kamfani kanumfarinsa ya yi yawa, wuyana ya yi ja yana raɗaɗi kusan rabin awa. Sinadarin da ke ba kanumfari ƙarfinsa, wanda har masu ciwon haƙori ke amfana da shi, shi ne ke cin fatar da reza ta gama kankarewa. Don an ce abu daga tsiro yake, ba shi ke nuna yana da laushi ba, kuma wannan ne ya fi damuna da yadda ake tallata kayan. Mai saurin fitar da ƙurajen aski, irin na masu gashi murɗaɗɗe kamar namu, ya gwada a bayan kunne kafin ya kai shi ga haɓa.

Na lemun tsami bai daɗe a hannuna ba. Yana wartsake mutum, amma kafin in gama karyawa ya tashi. Ban da haka, man ɓawon lemun tsami da aka matse, da na wani nau'in lemo da ake kira bergamot, suna iya ƙona fata ko su bar tabo idan rana ta buge su, sai fa idan an tace su. Ga mai yini a rana wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai batun da na san da yawa za su tambaya. Galibin masu ruwa-ruwa akwai alkohol a ciki, kuma asalin bay rum da giyar rake ake jiƙa ganyen. Malamai sun yi saɓani kan turare mai alkohol, kowa ya bi fatawar da ya natsu da ita. Ni na koma ga mai kauri kamar man shafawa, wanda babu alkohol a cikinsa, sai ruwan ɓawon wani itace na Arewacin Amurka da ake kira witch hazel, da aloe vera, wani lokaci har da man kaɗanya. Ya fi yi wa fata kirki lokacin hunturu, ko da yake ƙamshin bai kai na mai ruwan tashi ba.

Tsada kam akwai ta. Da dala ake saye, kuma mai alkohol yana da wuyar aikowa ta jirgi saboda yana kama wuta, don haka sai an dace da matafiyi. Amma ɗigo kaɗan ke isa fuska, kwalba ɗaya takan kai watanni. Idan za a sake kawo mini, na jema kawai zan ce, marar alkohol, kwalba biyu. Alif ɗina ma yana nan, shi nake fara gogawa in wanke kafin in shafa.