Ƙyanƙyasar tarwaɗa: ruwan hunturu ko ruwa mai ɗumi?

Mai kiwon tarwaɗa da ke son ƙyanƙyasa a watan Disamba ko Janairu yana da zaɓi biyu: ko ya yi aiki da ruwan da hunturu ya sanyaya, ko ya kashe kuɗi ya ɗumama shi.

Ruwan sanyi ba ya cin kuɗin makamashi, kuma yana riƙe iskar oksijin fiye da mai ɗumi. Sai dai jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne, don haka idan ruwa ya sauka zuwa digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, namiji yana rage cin abinci, maniyyinsa ya ragu, ita kuma mace ƙwanta ya yi jinkirin nuna. Wannan asara ce mai ciwo, domin ba a iya tatsar namijin tarwaɗa, galibi sai an yanka shi an ciro marainansa, a tarar babu abin kirki a ciki. Ƙwan da aka haɗa da maniyyi ma yana ɗaukar fiye da kwana 2 kafin ya ƙyanƙyashe, abin da ke ba wa funfuna damar cinye shi.

A ruwa mai digiri 28 zuwa 30 kuwa, mace tana shirya sakin ƙwai kimanin awa 7 zuwa 8 bayan an yi mata allurar da ke sa ƙwanta ya nuna, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe cikin kwana guda. A ganina wannan ya fi, muddin an lura kada zafin ya zarce haka, domin oksijin zai ragu, ƙwai kuma su lalace.