Na biya kuɗi an saurare ni a gindin mangwaro: yanda zamana da mai kaunselin ya kasance a Bauchi

Tun watan jiya wata ƙawata take damuna wai in rubuta yanda abun ya kasance, saboda mata da yawa suna jin labarin matar nan mai kaunselin, wato mai zama ta saurari damuwar da ke cin ran mutum, da take fita da mutane lambu da bakin ruwa, amma ba su sani ba ko abun kirki ne ko dai wata sabuwar hanyar cin kuɗi ce. To ga shi dai, zama 11 na yi da ita daga Nuwamba zuwa Afrilu, ina ga na isa in ce wani abu. Ba zan faɗi sunanta ba ba kuma zan faɗi unguwar ba, kun san Bauchi, girmanta a taswira ne kawai, in ana maganar gulma duk gida ɗaya muke.

Abun da ya kai ni, mahaifiyata Dada ce ta rasu bara bayan ƙaramar sallah, Allah ya jiƙanta da rahama, kuma a hannuna ta cika, ni na yi jinyarta wata bakwai. Da aka yi sadakar arba'in kowa ya watse ya kama harkar gabansa, ni kuma bacci ya ƙaurace wa idona. Ƙarfe biyun dare idona biyu ina ta saƙa da warwara, da na kai ta asibiti da wuri, da ban yi mata tsawa ba ranar da ta tofar da magani, da kaza da kaza. Ina koyarwa a firamare, sai in tsaya gaban allo da alli a hannu in rasa me zan rubuta, yara suna kallona. Duk wanda na buɗe baki zan faɗa wa, kafin in kai aya ya ce "ki yi haƙuri, kowa da ranarsa, addu'a take buƙata ba kuka ba". Gaskiya ne wlh ban musa ba, kuma addu'ar ina yi dare da rana. Amma haƙurin nan ya zame min kamar murfin tukunya, da an faɗa sai in ja bakina in tsuke, abun yana ta tafasa a ciki.

Ranar da na ce wa maigida ina so in je ganin kaunsila, ce min ya yi me zan nema wajen kansila, ko rijiyar burtsatse zan roƙo wa unguwa. Sai da na yi masa bayani sannan ya gane, ya ce in dai mace ce kuma ba boka ba ce Allah ya sa a dace. Goggona kuwa cewa ta yi ciwon Turawa ya kama ni.

Zaman farko a ofis aka yi, ɗan ɗaki ne mai kujeru biyu da fanka, babu tebur tsakaninmu. Ta fara da ƙa'idoji, minti 50 ne kowane zama, naira dubu 10, abun da na faɗa ba ya fita sai dai in akwai hatsari ga raina ko na wani, kuma ta tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Na ce a'a. Daga nan fa sai ta yi shiru tana kallona. Na yi ta zuba, na gama na ce "to Anti yanzu me zan yi?" Sai ta ce "Malama, na ji kamar kin gaji da ɗaukar kayan nan ke kaɗai, kuma kina ganin kamar da laifinki a ciki." Shi kenan fa. Ba nasiha, ba ki yi kaza ki bar kaza. Na hau keke na dawo gida raina a ɓace, ina cewa yanzu dubu 10 na ɗauka na ba wata ta maimaita min maganata kamar aku, kuɗin da zan yi cefanen kwana uku da shi.

Abun da ya sa na koma, daren nan na yi baccin awa biyar a jere, rabona da haka har na manta. Na ce ko dai gajiya ce, bari in sake gwadawa. A zama na biyu na faɗa mata gaskiya cewa salonta ya ba ni haushi, na ɗauka za ta ji zafi, sai ma ta yi dariya ta ce gara da na faɗa. Ta ce ba rowar shawara take yi ba, haka tsarin yake. Wani masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan Amurka, Carl Rogers, ya kafa shi tun shekarun 1940, ya rasu a 1987. Shi ra'ayinsa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wato wanda ya zo da damuwa shi ne zai ja ragamar zaman, aikin mai sauraro abu uku ne: ya yi ƙoƙarin ganin abun da idon mai shi, ya karɓe shi yanda yake ba tare da yanke masa hukunci ba, sannan shi kansa kar ya yi fuska biyu. Ko kalmar majinyaci ma mutumin bai yarda a kira masu zuwa wajensa da ita ba. Ta ba ni labarin da shi Rogers ɗin yake bayarwa na dankalin Turawan da suke ajiyewa a ɗakin ƙasa lokacin yana yaro, yanda yake fitar da tsiro fari siriri yana miƙewa wajen ɗan hasken taga duk da babu ƙasa babu rana. Nan take na tuna albasar da nake mantawa a sito, in ɗauko in ga ta tsiro ba wanda ya ba ta ruwa. Ban ce ya gamsar da ni ɗari bisa ɗari ba, don har yau ina ganin akwai lokacin da mutum yake buƙatar a ce masa ke tashi ki yi kaza, amma na fahimci inda ta dosa.

A zama na uku ta ce ko ina so mu fita waje. Akwai wani lambun mangwaro da gwaiba a bayan gari da ta yi magana da mai shi, ƙarfe bakwai na safe ranar Asabar. Nan ne fa abun ya canza, kuma saboda wannan ne nake rubutun nan gaba ɗaya.

A ɗaki kina zaune tana zaune, ido cikin ido, mu kuma ba a haka aka raine mu ba, tun muna yara aka hana mu tsura wa babba ido, ga kunya, duk sanda hawaye ya zo sai in ji kamar ina gaban hedimasta. A lambu kuwa tafiya muke kafaɗa da kafaɗa, idona yana kan hanya ko kan tururuwa, bakina yana magana ban ma san yana yi ba. In na yi shiru shirun ba ya nauyi saboda akwai kukan kurciya, akwai ƙarar injin ban ruwa can nesa, akwai busassun ganye da muke takawa. Hunturu ne lokacin, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da gari, na naɗe a cikin hijabi da suwaita. A gindin wani tsohon mangwaro na faɗi abun da ban taɓa faɗa wa kowa ba har maigida, cewa ranar da Dada ta cika, kafin kuka ya zo min, abun da na fara ji shi ne sauƙi, kamar an sauke min dutse, kuma tun ranar nake ganin kaina a matsayin muguwar 'ya. Na tsaya ina jiran ta ce subhanallahi ko ta ce ai ba komai. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta ce "wata bakwai kina kallon tana shan wahala, da wahalar ta ƙare kika ji sauƙi, sai kika hukunta kanki a kan haka." Na durƙusa a wajen na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, ta miƙo min tishu ta tsaya gefe, ba ta ce in yi haƙuri ba. Wlh ko wannan kaɗai ta yi min, kuɗina ya fita.

Da na dawo na shiga intanet na ɗan bincika ko fita wajen nan dabararta ce ita kaɗai. Ashe a Japan tun 1982 hukumar gandun dajinsu ta fito da abun da suke kira shinrin-yoku, wankan daji kenan, ba da ruwa ba, ka shiga cikin itatuwa ka yi tafiya a hankali ka shaƙi iska. Akwai kuma binciken wani Roger Ulrich na 1984 a wani asibiti a Amurka, mutum 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama, rabi tagarsu tana kallon bishiyoyi rabi tana kallon katangar bulo, masu kallon bishiya suka riga sauran samun sallama kuma ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi da yawa ba. Wani na 2019 a Ingila da ya duba mutum kusan dubu 20 ya nuna masu yin minti 120 a sati a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi cewa suna jin lafiya da kwanciyar hankali. Ni dai na ce ai kakanninmu da suke yini a gona su yi hira a gindin tsamiya sun riga su, mu ne muka shige gidan siminti muka kulle get.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba, don ba talla aka biya ni ba. Na farko sirri. Wata Asabar muka je wajen dam ɗin Gubi, wuri mai kyau, ruwa shimfiɗe ga balbelu, ina tsakiyar share hawaye sai ga baban wani ɗalibina a kan mashin, ya tsaya "a'a Malama lafiya dai ko?" Na rasa ta cewa, na ce ƙura ce ta shiga idona. Sai bayan ya wuce Anti take tambayata me nake so mu ce in mun haɗu da wanda ya san ni. Wannan tambayar tun kafin mu taka ƙafa waje ya kamata ta yi ta, na kuma faɗa mata. Ta amsa laifinta, amma an riga an yi.

Na biyu yanayi. Su masu binciken Ingila ba su san Bauchi a watan Afrilu ba. Ƙarfe takwas da rabi rana ta riga ta fara duka, ga ƙuda lokacin da mangwaro ya nuna, ga babu banɗaki a lambun, wanda duk mace ta san me hakan yake nufi. Zama biyun ƙarshe ofis muka koma. Sannan kuɗi, dubu 10 ga kuɗin keke zuwa bayan gari da dawowa, kuma dole ki yi shata don ba za ki samu na dawowa da sauƙi ba, albashin malamin firamare ba ya ɗaukar wannan duk sati, shi ya sa na mayar da shi duk sati biyu. Sau biyu ta makara kusan minti 20, kuma in kika tura mata saƙo a WhatsApp sai ki wuni ba amsa.

Ta taɓa haɗa tafiyar rukuni zuwa Yankari, mu mata bakwai, kowa da kuɗinta daban. Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan ta Yankari, dai Wikki ne, ruwan garau kina hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, na tsoma ƙafafuna na kusa awa ban ce uffan ba kuma na ji daɗi. Amma a matsayin kaunselin gaskiya yawon buɗe ido ne kawai, tafiyar sama da kilomita 100, kin isa a gajiye, kuma ni ba zan buɗe cikina gaban mata shida da ban sani ba. Ƙarshenta ma gwaggon biri ne ya fizge ledar masar wata daga cikinmu, muka yi ta dariya har da riƙe ciki, wannan ne maganin da aka samu ranar.

Abu ɗaya da ya ƙara mata daraja a idona, ba ta ce tana maganin komai ba. Ta faɗa min tun farko ita ba likita ba ce, ba ta rubuta magani, kuma wanda yake jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko yake tunanin kashe kansa, ko ƙwaya ta kama shi, asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa za ta tura shi ba lambu ba. Ita ta faɗa min ma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar nan, kafin nan da dokar 1958 ake aiki tun ta zamanin Turawa. Na nemi ganin takardunta ta nuna min ba tare da ɓata rai ba, ku ma duk wanda za ku je wajensa ku nema, don yanzu kowa ya buɗe shafi ya ce shi mai ba da shawara ne. Addinina kuwa ba ta taɓa shi ba, ranar da na ce karatun Alƙur'ani bayan asuba shi ke riƙe ni, ta ce in ba ta labarin yanda nake ji in ina yi.

In kina neman wadda za ta tsara miki rayuwa ta ce rabu da wane, koma wajen wane, kar ki ɓata kuɗinki, za ki dawo da haushi kamar ni ranar farko. In kuma kin cika kin batse ba wanda zai bari ki kai aya, ki gwada ko zama uku ne, ki zaɓi lokacin sanyi, ki sa takalmi mara tsini ki riƙe ruwanki. A cikin biyar na ba ta huɗu.

Bacci yanzu ina yi, ba kullum ba amma ina yi. A zaman ƙarshe na tambaye ta ko tana ganin na warke in daina zuwa. Ta gyara zama ta ce "Malama ke me kika gani?" Na ce Anti wlh na san haka za ki ce. Na ce mata zan huta zuwa bayan damina, in ciyawa ta ja baya a lambun nan ina so in koma gindin mangwaron ko ni kaɗai ce, ta ce za ta yi wa mai lambun magana.