Garejin da ya gano mini ƙugin Marsandi 190 a Tawa

Wata huɗu ina fama da wani ƙugi ƙarƙashin motata. Marsandi 190 ce ta 1991, irin waɗanda anka daina ƙerawa tun 1993, amma har yau in ta hau kwalta ba ta jin kunyar kowa. Cikin gari lafiya lau take, sai na wuce 60 ka ji wuuuu daga ƙasa kamar injin niƙa a bayan gida, in na kai 80 kuwa kujera da sandar bitesi duk karkarwa suke, madubin ciki ma ba ka ganin komi a ciki.

A Yamai wuri biyu na kai ta. Na farko ko tada motar bai yi ba ya ce rulmar ƙafar baya ce, anka canza, kuɗi sunka tafi, ƙugi na nan daram. Na biyu ya ce pon, akwatin haƙoran nan da ke juya ƙafafun baya, ya mutu in nemo na okaziyo a sauke wannan. Gabana ya faɗi don pon ba ƙaramin kuɗi ba ne, na ce bari dai tukuna.

Sai ga suna ya kama a Tawa, na lallaɓa da ita Doso, Dogon Dutsi, Kwanni, na karya a Tsarnawa, fiye da kilomita 500 ina addu'a. Ɗan kawuna ne ya kai ni wurin wani dattijon makanike can wajen fitar hanyar Agadas, garejin ko allo babu, rami ɗaya da rumfar kwano da yara aparanti uku.

Abin da ya sa nake rubuta wannan, mutumin nan bai taɓa kile ba sai da ya saurari motar. Ya shiga gaba ya ce ɗana ja mu tafi. Da munka kai 70 ƙugin ya taso, ya ce in fid da bitesi in bar ta tana gudu da kanta, inji ya sauka amma ƙara ba ta ragu ba. Ya ce to inji ya fita daga zargi, abin da ke kuka da gudun ƙafa yake tafiya. Ya sa na karkaɗa bolan hagu da dama a hankali inda hanya ba kowa, ya ce da rulmar ƙafa ce za ka ji ta ƙaru in nauyi ya koma gefenta, ta ragu in ya bar ta, wannan kuwa ko gezau. Ya ce taka mai, saki, taka, saki. Pon in haƙoransa sun ci, muryarsa tana canzawa tsakanin takawa da saki, kuma kukansa siriri ne, nawa ƙugi ne mai kauri. Har kan jar ƙasa ya sa na sauka don ya ji ko tayoyi ne, tunda ƙarar taya tana bin irin hanyar da take kai. Duk wannan bai kai minti 20 ba.

Na ce Baba to mine ne? Ya ɗora tafin hannu kan tudun nan da ke tsakanin kujerun gaba ya ce yana nan ƙasa.

A gareji sunka ɗaga baya sunka tokare da kyau, yaro ya sa bitesi ƙafafu na juyawa a sama, shi kuma ya shiga rami da dogon turnabis, ya dafa bakinsa kan ƙarfe ya kara kunne a ƙotar. Ya kira ni na saurara da kaina. Kan pon shuuu kawai nake ji, amma da ya dafa kan paliye, rulmar nan da ke riƙe tsakiyar kardan, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga akwatin bitesi zuwa pon, sai garr garr kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Kardan ɗin 190 gida biyu ne, roba ce ke rungume da rulmar tsakiya, zafin ƙasarmu da ƙura sun busar da ita ta yage, da hannu ya tura kardan ɗin yana lilo. Filekton gaba, faifan robar da ke haɗa kardan da akwatin bitesi, shi ma ya tsattsage, zare ya fara leƙowa.

Wani abu da ya burge ni, kafin ya raba kardan ɗin sai da ya ja layi da farin fenti kan gidajen biyu, ya ce tare anka daidaita nauyinsu tun daga kamfani, in ka maida su a karkace ka sayi sabuwar karkarwa da kuɗinka. Man pon ma ya zuba a tasa ya murza a yatsa yana neman garin ƙarfe, bai samu ba, sai dai man ya yi baƙi ƙirin, ya sa sabo 85W-90.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Ba ya ajiye kaya, sai da munka sa anka auko paliye da filekto daga Yamai a bis, kwana biyu mota na kan rami an sauke eshapma. Waya kuma ba ya ɗauka in yana aiki, sai ka tako da ƙafarka. Yaran sun ɓata mini kujera da baƙin mai, in za ka je ka shimfiɗa tsohon zane. Wurin zama benci ɗaya ne, rana in ta karkata ba ka da mafaka.

Kuɗin hannunsa da na kayan duka ba su kai abin da na zubar a rulmar da ba ta da laifi haɗe da kuɗin da anka yanka mini na pon ba, ko kusa. Tsohon paliyen ya sa mini a leda ya ce in tafi da shi. Komawa Yamai na taka ta har 100 tsakanin Kwanni da Dutsi, madubi tsaye cak, ƴata na barci a baya ba ta farka ba sai Doso.